Littafin Aikin Gareji: Rage wa Tsohuwar Civic Nauyi

14 ga Janairu, 2024

Yau motar ta hau sikeli. Honda Civic ce ƙirar 1994 mai ƙofa uku, da inji D16Z6, lita 1.6, bawul 16, wanda kamfanin ya rubuta masa ƙarfin doki 125 lokacin yana sabo. Shekara talatin ke nan, don haka ban sa ran duk dawakan nan suna raye ba. Da rabin tanki, babu kowa a ciki, sikeli ya nuna kilo 1,071. Da na shiga na zauna ya koma 1,149, kuma da wannan lambar ta biyu zan riƙa lissafi, tunda mota ba ta tuƙa kanta.

Abin da nake nema shi ne ta riƙa tashi da sauri idan aka taka totur. Ba gudun ƙarshe nake nema ba. Lissafin tsoho ne, tun 1687 Isaac Newton ya rubuta shi: saurin da abu yake ƙara gudu ya dogara da ƙarfin da ke tura shi idan aka raba da nauyinsa. Ƙofa biyu ke nan, ko a ƙara ƙarfi ko a rage kaya. Idan aka raba 1,149 da 125, kowane doki yana jan kilo 9 da ɗoriya. Wato duk kilo tara da na fitar daga motar nan tamkar na ƙara mata doki ɗaya ne, dokin da ba ya shan mai, ba ya zafafa inji, ba ya cinye kulochi.

Awo iri biyu zan riƙa yi a kan rufaffen filin gwaji, da na'urar GPS mai ɗaukar lissafi sau goma a daƙiƙa. Na farko daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa. Na biyu daga 60 zuwa 100 a giya ta uku, ba canjin giya, totur a ƙasa. Na biyun na fi yarda da shi, domin babu ruwansa da gwanintar ƙafata a kan kulochi ko santsin hanya. Kowane awo zuwa da dawowa, saboda iska da gangara, sannan a ɗauki tsaka-tsaki. Rabin tanki kullum: tankin lita 45 ne, litar fetur kuwa kusan kilo 0.74, to tsakanin cikakke da wanda ya kusa ƙarewa akwai kilo 30 da wani abu, wanda ya isa ya ɓata kowane awo.

Na yau: 0 zuwa 100, daƙiƙa 10.1. 60 zuwa 100, daƙiƙa 7.8.

3 ga Fabrairu

Kafin a cire ko noti ɗaya, sai da aka mayar wa injin haƙƙinsa. Sababbin fulogi da wayoyinsu, matatar mai, matatar iska, baƙin mai, taimin bel da famfon ruwa. Bel ɗin bai tsinke ba, amma a irin wannan injin idan ya tsinke fistin da bawul haɗuwa suke yi, ba abin da za a jira ba ne. An gyara tazarar bawul injin na sanyi, 0.20 na milimita a ɓangaren shiga, 0.25 a ɓangaren fita. An saita taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, a digiri 16 kamar yadda littafin motar ya ce; mun same shi ya ja baya. Birkin baya na dama yana ɗan riƙewa, aka kwance shi aka wanke.

0 zuwa 100 ya sauko 9.7, 60 zuwa 100 ya sauko 7.5. Ban ƙara wa motar komai ba, abin da ta bari a hanya kawai aka tsinto mata. Da yawa daga cikin masu cewa wani kayan gyara ya ba su doki goma, ina zargin sabis ɗin da aka yi a ranar ɗaura kayan ne ya ba su.

24 ga Fabrairu

Ranar fitar da kaya. Na ajiye sikelin rataye a bakin gareji, duk abin da ya fito daga motar sai ya bi ta kansa kafin ya taɓa ƙasa.

Akwatin sifika da amfilifaya da mai motar na baya ya cusa a but, da wayoyinsu masu kauri: kilo 19. Kujerar baya, mazauni da majingina da ƙarafan da ke riƙe su: 17. Safaya taya da jak da sifanar taya: 16. Kafet, tabarman ƙafa, robobin gefe na baya, allon da ke rufe but: 11. Jimla 63. Motar ta koma 1,008.

Yaron garejin ya tsaya yana kallon tarin kayan, can ya ce, "Malam, to yanzu idan taya ta yi faci fa?" Tambaya ce mai kyau. Safaya da jak za su riƙa komawa duk ranar da zan yi tafiya, ranar gwaji kawai za su sauka. Sauran kuwa sun tafi ke nan.

Awo: 9.2 da 7.1. Rabin daƙiƙa daga yammaci ɗaya da sifana mai lamba 10 da 12. Ban tsammanin akwai wani kayan da zan ɗaura wa injin nan gaba da zai ba ni wannan cikin sauƙi haka.

Ga abin da na riga na yanke ba zan taɓa ba, na rubuta shi tun yanzu kafin zumuɗi ya ɗebe ni: bel ɗin kujera, ƙarfen da ke cikin bamba, ƙarafan da ke cikin ƙofofi don karo daga gefe, da duk wani ƙarfe na gangar jikin motar. Na sha ganin hotunan motocin da aka huhhuda ƙofofinsu aka yanke ƙarfen bamba don kilo biyar. Kilo biyar rabin doki ne. Babu rabin dokin da ya kai ƙashin haƙarƙari.

9 ga Maris

Ƙarƙashin kafet akwai shimfiɗar baƙar kwalta da kamfani ke mannawa a ƙasan mota don kashe ƙara. Hanya biyu ake cire ta. Ko a gasa ta da bindigar zafi a kankare, ta narke ta manne a hannu da komai, ko a daskarar da ita. Na zaɓi ta biyu.

Busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili. Muka farfasa ta a buhu, muka baza a kan kwaltar gefen direba, muka rufe da tsohon bargo. Ba a jima ba sai ƙasan motar ya fara ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, kwaltar tana tsukewa tana rabuwa da ƙarfe. Da muka ɗaga bargon ta yi fari fat da raɓa. Bugu ɗaya da gudumar roba, sai ta tashi falle-falle, faɗin tafin hannu, ƙarfen ƙasa ya fito da fentinsa na asali tas, ko ɗigon gam babu. Inda aikin ya yi gardama shi ne jikin tudun da ke bi ta tsakiyar mota, domin ƙanƙarar ba ta zama a tsaye. Sai da muka zuba ta a leda muka jingina da katako. Safar hannu mai kauri dole ce, kuma ƙofofi duka a buɗe, domin iskar da take fitarwa tana taruwa a ƙasan mota, mutum yana sunkuye sai ya ji kansa ya fara juyawa.

Duk wannan wahala, kilo 9. Motar ta sauka ƙasa da tan ɗaya, 999, abin da ya fi daɗin faɗa fiye da yadda ya nuna a agogo, domin bambancin bai wuce kuskuren awo ba. Abin da ya ƙaru a fili shi ne ƙara. Yanzu duk tsakuwar da taya ta harba ina jin ta, kuma zafin salansa yana ratso ƙasan motar zuwa dunduniya. Wanda motarsa ta zuwa aiki ce kullum, ban ba shi shawarar wannan matakin ba.

Ba ni na fara ba dai. Honda da kanta ta yi haka a NSX-R ta 1992, inda ta cire abin kashe ƙara da rediyo da sauran kayan jin daɗi har motar ta rage kusan kilo 120. Porsche ta riga ta, a 911 Carrera RS 2.7 ta 1973, da siririn ƙarfe da siririn gilashi. Lotus Elise ta farko a 1996 da doki 118 kacal ta fito, ƙasa da na Civic ɗina a takarda, amma nauyinta kusan kilo 725, kuma ko ƙurarta ba zan gani ba.

30 ga Maris

Batir da kujerun gaba. Tsohon batir mai ruwa kilo 13, sabon na litiyom kilo 3. Kafin a ɗaura shi sai da muka auna abin da altaneta ke bayarwa, domin irin wannan batir ba ya son caji ya wuce bolt 14.6, namu yana tsayawa a 14.2. Kujerun asali kilo 17 kowace, masu zurfin da suka maye gurbinsu kilo 9 har da ƙarfen zama. An ɗaure su a ramukan noti na asali, bel ɗin ma a inda kamfani ya sa shi. An rage 26, saura 973.

Maganar esi ta taso. Kwamfireso da kwandensa da bututansu za su kai kilo goma sha wani abu, kuma duk a hancin mota suke. Na bar shi. Idan a kashe yake, fulin kwamfireson juyawa kawai yake yi a banza, abin da yake ci daga inji kaɗan ne. Doki ɗaya da rabi bai kai in riƙa isa ko'ina rigata jiƙe ba, balle yanzu da ƙasan motar ya zama tanda.

20 ga Afrilu

Wannan ne aikin da na fi ɗokin zuwansa, kuma bai ba ni kunya ba.

Motar ta zo hannuna da manyan wili na inci 16 masu ƙyalli, da taya 205/45. Da muka ɗora ɗaya a sikeli, wili da taya tare, kilo 18.5. Waɗanda na samo inci 15 ne marasa nauyi, da taya 195/50, kilo 13.5. Biyar sau huɗu, kilo 20. Motar ta koma 953.

Amma kilo 20 na taya ba ɗaya yake da kilo 20 na kujera ba. Kujera tura ta gaba kawai inji yake yi. Taya kuwa aiki biyu take sa shi, ya tura ta gaba kuma ya juya ta. Kilo ɗaya da ke can bakin taya, inda roba ke taɓa ƙasa, a wajen inji daidai yake da kilo biyu. Wanda ke jikin wili kusan ɗaya da rabi. Wanda ke kusa da tsakiya bai wuce ɗaya da kaɗan ba. Shi ya sa babban wili yake cuta sau biyu, ga nauyi, ga kuma ya kai nauyin can nesa da tsakiya.

Akwai riba ta uku da ba a cika kula da ita ba. Tsayin tsohuwar tayar milimita 591 ne, sabuwar 576, kusan daidai da 185/60 inci 14 da motar ta fito da ita daga kamfani. Gajeriyar taya tamkar an rage tsawon kowace giya ne da kashi biyu da rabi cikin ɗari, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ƙaru da wannan gwargwado. Ma'aunin gudu ma ya dawo hayyacinsa.

Awo: 8.7 da 6.7. Ban da agogo, hannu ma ya ji. Sitiyari ya yi sauƙi, kuma a kan hanya mai gargada tayar tana bin ƙasa maimakon ta riƙa tsalle, domin shokazoba yanzu ƙaramin nauyi yake fama da shi. Ogan garejin ya zagaya da ita ya dawo ya ce, "Malam, wilin can fa ya fi kyau a ido." Na ce, "Oga, ai na bar maka su, ka sa wa taka."

18 ga Mayu

An shiga ɓangaren inji, kuma nan ne talla ta fi yawa.

Wani abokin aikin nan ya ba ni aron buɗaɗɗiyar matatar iska mai siffar mazurari, irin wadda ake ɗaurawa a gajeren bututu cikin ɗakin inji. Muka gwada ta don a gani. Ƙara kam ta bayar, musamman idan VTEC, tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul idan juyin inji ya hau, ya buɗe a juyi 4,800 a minti, har mutum ya rantse motar ta ƙara doki ashirin. Agogo ya ce 6.8, wato ta ma ɗan ja baya. Na sa ma'aunin zafi a bakin matatar: bayan ɗan tsayuwa, iskar da take shaƙa ta fi ta waje zafi da digiri 25. Iska kuwa duk digiri uku da ta ƙara zafi, kaurinta yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, kuma inji iskar oksijin yake ƙonawa, ba ƙara ba. Matatar tana zaune ne a bayan lagireto tana shan abin da fanka ta huro.

Na mayar masa da abarsa da godiya. Akwatin iska na asali ya koma, da sabuwar matata a ciki, muka cire akwatin kashe ƙara da ke ƙarƙashinsa muka jawo bututu mai santsi daga bayan bamba, a sama yadda ba zai sha ruwa ba. Wannan ya ba da 6.6. Riba kaɗan, amma ta gaskiya.

8 ga Yuni

Salansa daga kai har wutsiya. Manifol, wato abin da ke tattara hayaƙi daga silinda huɗun, na asali na ƙarfen zubi ne mai nauyi; wanda ya maye gurbinsa na bututu ne, huɗu su haɗu su zama biyu, biyu su zama ɗaya. Na zaɓi wannan a kan mai haɗa huɗu kai tsaye zuwa ɗaya domin ya fi taimakon tsakiyar juyi, inda mota ke rayuwa, ɗayan kuwa sai can sama yake nuna kansa. Bututun baya milimita 57. Mai walda ya so ya sa mini 76, wai iska ta fi samun hanya. A injin lita 1.6 marar turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), bututu mai faɗi haka rage wa hayaƙi gudu yake yi, kuma gudun hayaƙin da ya fita shi ke taimakawa wajen zuƙo na bayansa daga silinda. Matatar hayaƙi tana nan, sabuwa ma na sa. Lafiyayyiya ba ta cin wani ƙarfin a zo a gani a inji irin wannan, cire ta kuwa ya saɓa wa doka a ƙasashe da yawa, ga warin da na bayanka zai sha.

Kilo 7 sun tafi, saura 946. Awo: 8.5 da 6.5.

6 ga Yuli

An sauke giyabos. Kulochin dama ya fara zamewa a giya ta uku, to tunda za a buɗe, fulawil ma ya tafi, wato faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji, wanda kulochi ke kamawa. Na asali kilo 8, sabon na ƙarfe kilo 4. Ban ɗauki mafi sauƙin da ke kasuwa ba da gangan.

Na zauna da takarda kafin in saya, domin kilo huɗu a ido ba komai ba ne. Sirrin yana cikin giya. A giya ta ɗaya rabon 3.25 ne, rabon ƙarshe, wanda kowace giya ke bi kafin ta kai ga taya, 4.25, idan aka ninka su inji yana juyawa kusan sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya. Ƙarfin da ake kashewa wajen juya abu kuwa ba ninki ɗaya yake bi ba, ninkin ninki yake bi: sau 14 a gudu, kusan sau 190 a ƙarfi. Da na yi lissafin da girman fulawil ɗin da kuma girman tayar, kilo huɗun nan a giya ta ɗaya sun yi daidai da cire kusan kilo 100 daga motar. A giya ta biyu kusan 35. A ta uku bai kai 20 ba. A ta biyar kusan babu. Fulawil ba ya ƙara wa inji doki ko ɗaya, abin da yake yi shi ne ya daina cinye wanda ake da shi a lokacin da juyi ke hawa da sauri.

Ogan bai yarda a yi gaggawa ba a nan. Ya wanke fuskar fulawil da fetur har sau biyu don kada maiƙon ajiya ya taɓa faifan kulochi, ya ɗiga gam ɗin noti a kowane ɗaya, ya ɗaure su a gicciye da sifanar awo, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, yaron yana riƙe da ƙarfen da ya tokare haƙoran. Da yaron ya miƙo masa bindigar iska don a gama da wuri, ko kallonsa bai yi ba. Abin da ke juyawa sau dubu bakwai a minti kusa da idon sawun direba ba a ɗaure shi da ka.

Sai kulochin ya zauna kafin a yi awo.

3 ga Agusta

0 zuwa 100: 8.2. 60 zuwa 100: 6.4. Daidai yadda takarda ta faɗa, ribar tana giya ta ɗaya da ta biyu, a ta uku kaɗan ce. Juyi yana hawa da sauka nan take, canjin giya ya yi daɗi. Kuɗin da aka biya shi ne tashi daga tsaye: sai an ɗan ƙara totur, in ba haka ba ta mutu, kuma idan esi ya kama a tsaye injin yana ɗan rawa kafin ya daidaita. A cunkoso ana jin jiki.

Nauyi yanzu 942, da ni 1,020. Daga 1,149, an rage 129. Ko da injin bai ƙara komai ba, wannan kaɗai daidai yake da a ce tsohuwar motar ta tashi daga doki 125 zuwa kusan 141.

24 ga Agusta

Gyara yana haifar da gyara. Tun watan Maris na lura bayan motar ya ɗaga, har ana iya zura hannu tsakanin taya da fenda. Sifirin an yi shi ne don nauyin da yanzu babu. Yau muka ɗora ta a sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, ina zaune a ciki. A farko kashi 61 cikin ɗari na nauyin yana gaba, yanzu kusan 64, domin yawancin abin da aka fitar daga baya ya fito.

Wajen tashi wannan alheri ne, tunda tayun gaba ne ke ja, kuma duk lokacin da aka taka totur nauyi baya yake komawa ya bar su da sauƙi. Wajen birki kuwa akasin haka ne. A gwajin tsayawar gaggawa daga 100, tayun baya sun riga na gaba kullewa, bayan motar ya fara neman wuce gaba. Bawul ɗin da ke raba matsin birki tsakanin gaba da baya bai san an sauke kujera da sifika ba, yana aika wa baya rabon da ya saba. Motar da bayanta ke fara kullewa juyawa take yi, kuma wannan ya fi kowace daƙiƙa da na samu muhimmanci.

Abin da aka yi: sifirin da shokazoba masu saiti, aka sauke bayan ya dawo daidai, gaban ma aka ɗan sauke, birkin gaba aka sa masa fata mai kamu sosai, na baya aka bar shi da ta asali, sabon man birki, sannan aka yi alaimen, domin duk motar da tsayinta ya canza, tsayuwar tayunta ma ta canza. Da aka sake gwadawa, gaba ne ke fara kuka, motar tana tsayawa a miƙe. Safaya ma idan tana ciki bayan ya fi natsuwa, abin da ya ƙara mini dalilin barin ta a wurinta ranakun da ba na gwaji.

21 ga Satumba

Ranar na'urar auna ƙarfi, wadda ake ɗora tayun gaba a kan ganguna a ɗaure motar da igiyoyi. Ƙwaƙwalwar motar P28 ce, irin wadda ake iya buɗewa a sa mata abin saiti, aka kuma ɗaura na'urar auna cakuɗar iska da mai a salansa.

Jan farko, da saitin kamfani: doki 108 a taya. Wannan ba a kwatanta shi da 125 na takarda, domin wancan a bakin inji aka auna, kafin giyabos da shaf da taya su ci rabonsu. Abin da ya fi jan hankalina layin mai ne. Cakuɗar da fetur ke ƙonewa tas ita ce iska 14.7 ga mai 1, amma inji marar turbo ya fi ba da ƙarfi a wajen 12.8 zuwa 13. Tamu a sama da juyi 6,000 tana gangarawa har 11.8, mai ya yi yawa, a tsakiya kuma ta ɗan yi ƙaranci saboda sabon manifol. Mai saitin ya bi layin daki-daki yana gyarawa. Taimin ya ƙara digiri biyu a tsakiya, ya ƙara na uku bai ga riba ba, ya mayar. Na ji daɗin wannan. Injin da matsin cikin silindarsa 9.2 ne yana da ɗan sarari, amma wanda ke ƙara taimin har sai ya ji ƙwanƙwasa, da fistin ɗin wani yake caca. Wurin buɗewar VTEC kuwa, ya ja sau ɗaya a rufe, sau ɗaya a buɗe tun daga ƙasa, ya ɗora layukan biyu, ya sa shi a inda suka gicciya. Sakamakon shi ne wannan bugun da ake ji a baya idan ya buɗe ya ɓace. Mutane suna son bugun, amma alama ce ta cewa kafin nan injin yana cikin rami.

Jan ƙarshe: 115 a taya. Doki bakwai, da tsakiya mai cika.

5 ga Oktoba

0 zuwa 100: daƙiƙa 7.9. 60 zuwa 100 a giya ta uku: 6.1. Daga 10.1 da 7.8.

Da na bi littafin nan daga farko ina rarraba ribar, sabis ya ba da 0.4, rage nauyi da taya da fulawil sun ba da kusan 1.3, iska da salansa da saiti gaba ɗaya kusan 0.5, alhali su suka fi cin lokaci da surutu. Gudun ƙarshe bai canza wani abin kirki ba, kuma dama ban sa rai ba: a can sama iska ce abokiyar faɗa, ƙarfin da ake bukata don keta ta yana ninkuwa sau takwas idan gudu ya ninka sau biyu, kuma iska ba ta tambayar nauyin mota.

Kilo masu sauƙin samu sun ƙare. Abin da ya rage shi ne bonet na zaren kabon, da musanya gilasan baya da roba mai ƙarfi, wadda nauyinta bai kai rabin na gilashi ba amma tana karcewa kuma ba ko'ina doka ta yarda da ita a titi ba. Duka biyun ba za su wuce kilo 15 ba, na bar su. Turbo zai ba da abin da duk wannan littafin bai bayar ba a tashi ɗaya, amma zai zo da zafi, da nauyi a hanci, da sabon kulochi, da tayun gaba da tun yanzu suke kuka a giya ta ɗaya. Matsalar da ke gabana ke nan a zahiri: idan na saki kulochi da ƙarfi, taya ɗaya ce ke juyawa a banza ɗayar tana kallo. Don haka aiki na gaba a cikin giyabos yake, difarenshal mai kulle zamewa, wataƙila da rabon ƙarshe mafi gajarta tunda za a buɗe. Kafin nan zan mayar da siririn kafet da abin tare zafi a gefen direba, kilo 3, na kuma rubuta su a lissafi tun yau: 945.